Yaron da bai amsa da Larabci ba, a mayar da shi gida sai baɗi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Gadarif ce, a Sudan. Mutanen unguwa sun ɗora mini shugabancin lajna, wato kwamitin da ke kula da raudarmu (makarantar yara ta kafin firamare), ban nema ba. Ɗakuna biyu ne da rakuba (rumfa) ɗaya, malamai mata biyu, kuma in an matsa wurin zai ɗauki yara 50. Da aka buɗe rajista sai ga sunaye 120, domin 'yan'uwanmu da yaƙi ya koro daga Madani da Sinja da Mai Wurno da dama suna nan tare da mu. Dattawan lajna sun ce don kada a zarge mu da son kai, a yi wa kowa doka ɗaya: kuɗin wata iri ɗaya, takardar haihuwa, sannan a yi wa yaro tambayoyi da Larabci, wanda bai amsa ba ya dawo baɗi. Da muka fara gwajin sai na ga kusan duk waɗanda suka faɗi 'ya'yan baƙinmu ne da na marasa hali. Akwai wani ɗan shekara 4 da ko uffan bai ce ba, har kakarsa ta ce za ta kai shi wurin wanzami a yanke masa linzami. Wallahi barci ya ƙaurace mini, ina tsoron haƙƙin yaran nan. Ina mafita?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya taya ki riƙo. Kafin komai, ki aika wa kakar nan yau ɗin nan ta dakata da maganar wanzami. Zan zo kan dalili.

Dattawanki ba mugunta suke nufi ba, bakin mutane suke tsoro, kuma bakin mutane abin tsoro ne. Amma dokar da suka kawo ta gama zaɓen yaran tun kafin a kira suna na farko. Wanda ke da kuɗin wata, ga takarda a akwati, ga Larabci a gida, ai ɗan ma'aikaci ne da ɗan mai shago da suka daɗe a gari. Wannan ko bai ga ƙofar rauda ba zai shiga aji ɗaya da ƙafar dama. Wanda dokar ta kora shi ne wanda in ya rasa shekarar nan zai zauna a aji ɗaya yana kallon bakin malami, ya maimaita, ya gaji, ya bi babansa gona. Tsohon ciwo ne a ƙasar nan. Binciken gidaje na MICS da aka yi a 2014 ya nuna kimanin kashi 22 cikin 100 ne kawai na yara 'yan shekara 3 da 4 ke zuwa wani wurin koyo, kuma rabon 'ya'yan masu hali ya ninka na talakawa sau da yawa. Shekara tara kafin yaƙi kenan fa.

Maganar takarda ba ta da wuya. Binciken nan dai ya nuna kusan yaro ɗaya cikin uku 'yan ƙasa da shekara 5 ba a yi masa rajistar haihuwa ba, a lokacin da ofisoshi ke buɗe. Matar da ta fito Madani a Disambar 2023 da goyo a baya da ƙunshi a ka, wa zai tsare ta da tambayar takarda? Shekarun yaro kawai kike nema. Katin rigakafi ya wadatar. In babu, ki zauna da uwar ku lissafa da abin da ba a mantawa: kafin azumi aka haife shi ko bayan babbar sallah, an yanke riɗi ko ba a yanke ba, yana tafiya lokacin da aka fara harbi a Kartum a Afrilun 2023 ko yana goye. A rubuta shekara da wata, shaidu biyu su sa hannu, yaro ya shiga aji. Daga baya lajna ta tattara sunayen marasa takarda ta kai sijil madani, ofishin rajistar haihuwa, a dunƙule, waɗanda sai an yi musu tasnin, wato ƙiyasin shekaru, a bi musu. Sudan ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1990, Dokar Yara ta 2010 kuma ta sa rajistar haihuwa cikin haƙƙin yaro. Bashin da manya suka kasa biyan yaro ba zai koma hujjar korarsa ba. Duk jami'in da ya ce miki doka ta hana, ki roƙe shi cikin ladabi ya ba ki a rubuce da hatimi. Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa.

Gwajin bakin nan shi ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Babu ranar da ba a jin maganar daga iyaye, daga malamai, har da masu duba makarantu: wai yaron da bai buɗe baki ba bai isa ba, a bar shi gida ya ƙara wayo. Wa ya ce zaman gida yana buɗe baki? Shirun ɗan shekara 4 a gaban baƙuwar fuska ba abu ɗaya yake nufi ba, kuma a cikin dalilansa babu wanda jira ke magancewa. Wasu ma jiran ne ke ƙarasa su.

Mafi yawan waɗanda suka faɗi gwajinku lafiyarsu ƙalau. Hausa suke ji. Ki gwada da kanki. Yarinyar da ta sunkuyar da kai da aka ce mata ismik minu (yaya sunanki), ki durƙusa daidai tsawonta ki ce, 'yammata, wa ya yi miki wannan kitson? Za ki sha labari har ki gaji. Harshen gidansu kuka auna, kuka rubuta sakamakon a kan hankalinta. Yaron da ya faɗa cikin sabon harshe yakan yi makonni, wani lokaci watanni, yana saurare kawai yana kwaikwayon abin da sauran yara ke yi, sannan wata rana ya fara da kalma ɗaya ɗaya. Harshe biyu ba ya jinkirta magana, ba ya rikita ƙwaƙwalwa, duk da malaman da ke kiran iyaye suna cewa a daina yi wa yaro Hausa a gida. Wannan shawara ɓarna ce tsantsa. Uwar da Larabcinta na cinikin kasuwa ne, in aka hana ta Hausa an hana ta tatsuniya da waƙar raino da zolaya, an bar ta da zo, tafi, bari. Yaro ya rasa nan ya rasa can. Wanda ya ƙoshi da harshen uwarsa, ya san jiya da gobe, ya iya kai labarin Gizo daga farko har ƙurunƙus, shi ne ke ɗaukar Larabci da sauri, don ma'anar tana nan a kansa, sunaye kawai zai ƙara. In za a ƙirga kalmomin yaro a haɗa na Hausa da na Larabci wuri ɗaya. Malamar da ke dukan yaro ko ta tsayar da shi a rana don ya yi Hausa a aji, ki ja mata kunne sau ɗaya, na biyu ta ajiye aikin.

Jikan tsohuwar nan kuwa nasa dabam ne, in har a gida ma ba ya magana. Tambayar farko: ya taɓa magana ya daina, ko bai taɓa ba? Ɗan shekara 2 ya kamata ya haɗa kalma biyu, ɗan shekara 3 baƙo ya gane yawancin abin da yake faɗa. In bai taɓa kaiwa nan ba, kunne ake fara zargi. Ki bari ya shagala da wasa, ki tsaya bayansa kamar taku ɗaya, inda ba zai ga inuwarki ba, ki raɗa sunansa ko ki ce ga alewa, ta dama sannan ta hagu. Kada ki tafa kusa da kansa ko ki buga ƙafa a ƙasa, domin kurma ma yana jin iska da girgiza ya waiwayo, ku ce lafiya lau. Ki tambayi kakar ko kunnensa ya taɓa zubar da mugunya, ko ya yi sanƙarau, ko ƙyanda, ko wani zazzaɓi mai tsanani da aka yi masa allurai da yawa. Ko gwajin ya yi kyau, yaron da bai yi magana ba a shekara 4 sai likita ya duba kunnensa. In akwai mugunya kada a ɗiga mai ko ruwan ganye, a tsane da tsumma mai tsabta a nufi asibiti. Ko ta tabbata ba ya ji, wurinsa yana aji, a gaba, inda zai ga fuskar malama.

Linzamin da ake ta ɗora wa laifi kuma, ki shafa masa ɗan zuma a leɓen sama ki gani. In harshe ya fito ya wuce leɓen ƙasa, ya ɗaga ya lashe zuman, kuma ya sha nono lafiya yana jariri, babu abin da ya riƙe shi. Ko da akwai, iyakarsa ya karkata wasu haruffa, ba ya hana yaro magana ɗungurungum. Ƙarƙashin harshe jijiyoyin jini ne da hanyoyin yawu. Askar da ta yi aski da ƙaho tun safe, ita za a cusa a nan? Ga zubar jini a jikin yaron da wataƙila jininsa ya riga ya yi ƙasa, ga ciwon sarƙewar haƙora, ga ciwon hanta, sannan baki ya kumbura ya ƙi abinci kwana da kwanaki. Haka cire belu. Haka garin maganin buɗe baki da ake tallatawa a WhatsApp, wanda mai sayar da shi ma bai san abin da ke ciki ba. Abin takaicin shi ne bayan an yanka sai a zauna jiran magana ta zo, shekara ta wuce, biyu ta wuce, alhali shekarun da ƙwaƙwalwa ke kama harshe ne ke tafiya. Addu'a a yi ta, ba mai hanawa, amma a yi ta a kan hanyar asibiti.

Akwai shirun yunwa. Yaron da tamowa ta kama ba ya wasa, ba ya tambaya, inda aka ajiye shi nan za a same shi, har a riƙa yabonsa da natsuwa. Ki nemi ma'aunin dantse mai launi uku a cibiyar lafiya, a auna duk yaron da bai cika shekara 5 ba, har da ƙannen da aka goyo zuwa rajista in sun kai wata 6. Hannun hagu, tsakiyar tazarar kafaɗa da gwiwar hannu, hannun a sake, kada a matse kada a bar shi sako-sako. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, a tafi cibiya ranar. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne, a kai shi cikin makon. A danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3, in rami ya zauna a duka biyun tamowa ce mai tsanani ko da ma'auni ya nuna kore. In an ba da abincin gyaɗan nan na leda, a gaya wa uwa da babbar murya cewa magani ne na yaro ɗaya, an lissafa shi da nauyinsa. Raba shi daidai tsakanin 'ya'ya huɗu tausayi ne da ke kai na cikin ja kabari. Kuma tunda a Gadarif kike, zazzaɓin da ya wuce mako biyu, ya ƙi jin maganin maleriya, ciki na kumbura ta hagu, yaro na ramewa, a nemi gwajin cutar kala-azar.

Sai wanda ya yi magana ya daina. Wannan ya ga abin da bai kamata ya gani ba. Za ki ji ya koma fitsarin kwance, yana maƙale wa zanin kaka, ƙofa in ta bugu ya shige ƙarƙashin benci. Kada a tsare shi da tambayar me ya gani. Kada a dake shi in ya ɗauki kara yana wasan bindiga ko wasan jana'iza, ta nan yake fitar da abin. Abin da ke kwantar da shi a san jadawali: malama ɗaya, waƙar buɗewa ɗaya, karin kumallo a lokaci ɗaya kullum, ga yashi da laka da gawayin zane. A bar kaka ta zauna a gefen rakuba makon farko. In wata biyu zuwa uku sun wuce ba sauyi, ko yana ƙara rasa abin da ya iya, a nemi masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ki tambayi dattawa, a cikin yaran nan wanne ne ka dawo baɗi zai yi wa magani?

Gwajin ya tafi, amma wuri 50 ne har yanzu. A raba yini biyu: na safe daga bakwai da rabi zuwa goma da rabi, na yamma bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Awa biyu da rabi zuwa uku sun ishi yaro mai wannan shekaru, abin da ya ƙaru a kai gajiya ce da kuka. Wuri ya koma 100. 'Yan shekara 5 su fara shiga gaba ɗaya, don su ne za su aji ɗaya baɗi. Ragowar gurbin a cike shi da 'yan shekara 4 bisa ƙa'idar da za ku rubuta kafin ku sake duba sunaye, a karanta ta a masallaci da wurin taron mata: maraya, wanda iyalinsa ke kwana a makaranta ko rakubar wani, wanda ma'auni ya nuna ja ko rawaya, mai nakasa, da wanda uwarsa ke wuni wurin sayar da shayi ko godogodo har aka cire yayarsa daga makaranta don raino. Na ƙarshen nan gurbi ɗaya ne ke mayar da yara biyu aji. In an yi kunnen doki a jefa ƙuri'a a bainar jama'a. Ɗan lajnar da jikansa ke cikin jerin ya fita waje lokacin da ake maganarsa, ke ma haka.

Kada ki yarda cewa 120 ɗin nan su ne duka. Waɗannan iyayensu sun ji sanarwa, suna da mayafin fita, ba sa jin kunyar layi. Yaron da ba ya tafiya, da mai farfaɗiya da ake ɓoyewa a ɗaki, da 'ya'yan matar da ta sauka makon jiya, ba su cikin littafinki. Mata biyu su bi gida gida, kuma a ajiye gurbi biyar a buɗe saboda su. In aka samu ɗan ƙabilar Masalit ko Bani Amir ko Nuba a unguwar, ƙa'idar nan ce tasa. Mu da muka san ɗacin a kira mu baƙi a ƙasar haihuwarmu, har rikicin ƙabilancin da ya faru a Damazin da Rusairis a Yulin 2022, bai dace a ji irin wannan daga bakinmu ba.

'Yan ƙasa da shekara 4 ba aji suke buƙata ba, iyayensu za a koya wa. A Kingston ta Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 da tamowa ta tsumburar, ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa ziyartar wasu daga cikinsu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka tarar kuɗin da suke samu ya fi na waɗanda ba a koya wa iyayensu wannan ba da kimanin kashi 25 cikin 100. Rakubarku ranar Asabar, awa ɗaya, uwaye goma sha biyar da 'ya'yansu, gwangwani da murafen kwalba da 'yar tsana ta tsumma, ya isa farawa.

Yara 25 sun yi wa mace ɗaya yawa. Kowane ɗaki a ƙara uwa ɗaya mai taimako, a riƙa karɓa-karɓa irin na nafir, wato gayya, kuma kada babba ɗaya ya kaɗaita da yaro a ɗaki rufe, ko waye shi. Aƙalla ɗaya a kowane ɗaki ta ji Hausa. A ba da labari da Hausa, gobe a maimaita shi da Larabci da kayan a hannu, ga ludayi ga tulu ga akuya ta laka. Kalmomi goma a mako da yaro ya taɓa da hannunsa sun fi haruffa 28 da ya rera bai san kansu ba. Ruwa lita 3 ga kowane yaro a rana don sha da wanke hannu shi ne mafi ƙarancin ma'aunin masu aikin agaji, wato jarka takwas masu lita 20 ga yara 50. A sa masa sinadarin kulorin, randa a rufe, moɗa mai dogon hannu. Kwalarar 2023 da ta 2024 ba su yi nisan da za a manta ba. Ramin masai a ƙanƙanta bakinsa, ƙafar ɗan shekara 4 na iya zurmawa a na manya.

Kuɗi hawa uku: cikakke, rabi, da kyauta, kuma ke da ma'aji kaɗai ku san wa ke ina. Ba a kiran sunan mai bashi a gaban yara, ba a mayar da yaro gida da saƙon kuɗi a bakinsa. A soke rigar makaranta, a soke bikin yaye ɗalibai da rigunansa da masu hoto, kuɗin bikin nan ya sayi abincin yara, adas da balila, na wata da watanni. Giɓin a neme shi wurin diwanin zakka, wato hukumar zakka, da 'yan kasuwar riɗi da 'ya'yan unguwa da ke Saudiyya, su turo ta manhajar banki ta Bankak zuwa asusun da mutum biyu ke sa ido a kai, a karanta littafin shiga da fita duk ƙarshen wata. Haƙƙin malamai shi ne farkon fita, kuma tunda yini ya zama biyu sai an ƙara musu. Malamar da ba a biya ba za ta tafi a tsakiyar shekara, yaron da ya fara sakin jiki da ita ya koma shirunsa.

A taron UNESCO na Tashkent a Nuwambar 2022 ƙasashe sun ɗauki alƙawarin ƙoƙarin ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na kuɗin ilimi ga matakin da ke kafin firamare. Kada ki zauna jiransa. Amma ki kai wa ofishin ilimi na mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, takarda shafi ɗaya duk zango: yara nawa aka ɗauka, nawa suka rage, nawa ke cikin ja, nawa ba takarda, ki riƙe kwafi da hatiminsu. Ranar da wata ƙungiya ta zo da kaya, mai lissafi a hannu ake fara kira. Lajnar kuma ki faɗaɗa ta, a sa mata biyu daga cikin waɗanda yaƙi ya koro da mai shayi ɗaya, a mayar da taro lokacin da za su iya zuwa, ba da hantsi ba sa'ad da suke bakin murhu.

Ɗaukar yaro ba ita ce ƙarshen aiki ba, waɗanda kuka fi wahala kafin ku shigo da su su ne za su fara ɓacewa. A kira suna kullum. Wanda ya yi kwana uku ba a gan shi ba a je gidansu, ba a aika ba. In Oktoba ta kama aka fara yankan riɗi za ku ga aji ya zube, iyalai sun tafi gonaki da 'ya'yansu. Kada a goge sunan kowa, kada a ba wani gurbinsa, kuma kada a lissafa masa kuɗin watannin da ba ya nan. Ranar da ya dawo a sake auna dantsensa kafin ya zauna.